Fentin Da Ido Ba Ya Gani

A cikin 1968 aka fara ƙera mota Fijo 504 a Faransa, a 1975 kuwa aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Fijo a Kaduna. Har wa yau akwai gidajen da irin motan nan ke ajiye a gindin bishiya, gadon mahaifi ce, sayarwa da ciwo, hawa kuma ba hali. Ran da magaji ya ƙudura zai tashe ta, sai ya kai ta ga mai gyaran bodi, a kankare tsohon fenti ƙaƙaf, har ƙarfe ya fito tsirara.

Mai mota hankalinsa yana kan launi, ko fari ko shuɗi. Amma gwanin fenti ya san ran motar yana ga shafin farko, watau fentin tushe, wanda ke kwanciya a kan ƙarfen kansa. Ƙarfe tsirara ba shi da abokin gāba kamar laima. Da damina, kwana guda ya isa tsatsa ta hau shi. Ko gumin tafin hannu ma yakan bar masa tabo.

Fentin tushe iri uku ne aka fi sani. Na fari shi ne mai asid a ciki. Yana cizon ƙarfe ya kama shi tam, ya bushe nan da nan, saboda haka ya dace da ɗan wurin da aka kankare. Amma ba shi da kauri, ba ya tsare ruwa sosai, ba a kuwa ɗora foti, watau ƙullun cike lotsawa, a kansa, don ba ya zama.

Na biyu shi ne mai kauri, wanda ake gogewa da samfefa don bodi ya yi sumul. Aikinsa cike ƙananan ramuka ne kurum. Yana shan laima kamar sabuwar randa. In aka fesa shi a kan ƙarfe tsirara, aka bar motar a fili, tsatsa za ta yi ta cinta a ɓoye.

Na uku shi ake kira ifoksi. Gwangwani biyu yake zuwa, ɗaya fenti, ɗaya maganin da ke sa shi ya sandare. In an gauraya su daidai gwargwado, sai ya liƙe wa ƙarfe, ya toshe wa ruwa hanya sarai. Ya fi tsada, ya fi jinkirin bushewa, yana kuma da wuyar gogewa. Duk da haka, ga motar da aka tuɓe gaba ɗaya, wadda aikinta zai ci watanni, shi ne zaɓin masu hankali. Bayansa a sa mai kauri, kana launi ya biyo.

Amma fa ko ifoksi ba ya gyara ƙazanta. Lalle a cire tsatsa duka, a wanke maiƙo, a fesa ran nan da aka kankare, mai fesawa ya rufe hanci da baki da abin da aka yi domin haka. Yadda ake gaurayawa, da kwanakin da za a jira kafin shafi na gaba, duk suna rubuce a jikin gwangwani. Wanda ya karanta ya huta da kirdado.

Abin da ke da wuya shi ne, da zarar launi ya hau, ba mai iya gane abin da ke ƙasa. Mai fenti yana iya sa na araha ya karɓi kuɗin mai tsada, motar ta fito tana walƙiya. Sai bayan damina ɗaya ko biyu fenti ya fara ƙuraje a gindin ƙofofi, asiri ya tonu, kuɗi sun tafi, sunan mai sana'a ya ɓaci. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mai mota ya kyautu ya tambayi abin da za a fara shafawa tun kafin ya tambayi launi, mai fenti kuma ya riƙe amanar abin da aka bar masa a bayan ido.