Gandun Dattijo

A wani ƙauye na ƙasar Tasawa, dattijon ya yi shekara tamanin da ɗoriya asuba ba ta taɓa iske shi kwance ba. Daga masallaci sai gona. Kowace kaka, kafin hatsi ya shiga rumbu, yakan ware dami ɗaya cikin goma domin zakka. A yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari, ƴaƴansa suka matsa masa ya sayar da gandu su koma Maraɗi. Ya ƙi. Ya sayar da bisashensa, ya ɓoye iri cikin tulu, damana ta dawo suka shuka. Bayan sadakar arba'in, a inuwar gawon da ya hana sarewa magada suka zauna rabon gonar. Allah ya jiƙansa.