Yadda na ceto muryar Malam daga cikin Flash

Yau labari zan ba ku, amma duk mai tsohon fayil da sunansa ya ƙare da swf a kwamfuta ko memori, ya daure ya karanta har ƙarshe.

Wajen 2012 ina aiki a wani kafe, na ɗan iya Adobe Flash. Ba filashin da ake tura waƙa a ciki nake nufi ba fa, manhaja ce da ake haɗa zane mai motsi da wasanni da ita. Wani dattijon malamin firamare a unguwarmu ya roƙe ni in haɗa masa darasin koyon karatun Hausa na yara. Yaro ya danna harafi, hoto ya fito, muryar Malam ta ce "ƙa, ƙasa", "ɗa, ɗaki". Mun fi wata biyu muna ɗaukar murya, sai bayan isha'i idan an kashe janareton maƙwabta. Aka ɗora a shafin intanet na makarantar da kwamfutocinsu.

Malam ya rasu a 2019, Allah ya jiƙansa. A farkon 2021 'yarsa ta kira ni. "Yaya, darasin Baba ya ƙi buɗewa, kuma ba mu da muryarsa a ko'ina sai a ciki." Na ce mata kar ta damu, alhali ni kaina gabana faɗuwa yake yi, don na san abin da ya faru.

Flash ba ya cikin burauza tun asali. Ƙari ne da ake liƙa mata, kamar yadda ake yi da Java da Silverlight na Microsoft, kuma kamfani ɗaya ne ke da iko da shi. Tun 2010 Steve Jobs ya fito ya ce iPhone ba za ta karɓe shi ba, saboda cin batir da matsalar tsaro. A 2012 aka daina ba da shi ga sababbin wayoyin Android. YouTube ta koma HTML5 a 2015. A 2017 Adobe da kansa ya sanar cewa ƙarshen 2020 zai rufe, kuma daga 12 ga Janairun 2021 manhajar ta daina kunna komai. Wato an yi ta kaɗa mana gangar gargaɗi shekara goma, ni ne ban ji ba.

Babban kuskurena kuwa shi ne wannan. Aikin Flash fayil biyu ne: fla, wanda kake gyarawa, da swf, wanda aka gama aka rufe ake kunnawa. Kamar kwaɓin fulawa ne da gasasshen burodi. Da ina da fla, da sai in buɗe shi a Adobe Animate, sunan da Flash ɗin ya koma tun 2016, in fitar da shi a HTML5, in sake rubuta umarnin maɓallai. To fla ɗin da ainihin muryoyin duk suna kan tsohuwar laftof ɗina da ta mutu tuntuni. Swf kaɗai ya rage.

Na fara gwada Ruffle. Manhaja ce ta kyauta da ke kwaikwayon Flash a cikin burauzar zamani, har a waya, ita ce ma Internet Archive ke kunna tsofaffin wasanni da ita. Shafin farko ya fito, raina ya yi fari, amma maɓallan suka ƙi motsi, saboda da ActionScript 3 na rubuta su kuma a lokacin Ruffle ba ta ƙware a kansa ba. Yanzu ta ci gaba sosai, don haka ita nake ba kowa shawara ya fara gwadawa. Sai dai a ganina maganin wucin gadi ce. Ta dace da wasan da kake son tunawa da ƙuruciya, amma abin da yara za su yi amfani da shi kullum gara a sake gina shi.

Abin da ya cece ni shi ne JPEXS, wata manhajar kyauta ta kwamfuta da ke farke swf ta nuna kayan cikinsa. Na buɗe jakar sauti, na danna na farko, sai ga muryar Malam, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana. Wallahi sai da na tashi na fita waje na ɗan tsaya. Na dawo na fitar da su duka a mp3, hotunan kuma a png.

Sake ginin bai yi wuyar da na zata ba. HTML ke riƙe rubutu da maɓalli da sauti, CSS ke tsara kamanni, JavaScript ke cewa idan an taɓa wannan a kunna wancan. Babu kamfani ɗaya da ya mallake su, kowace burauza tana fahimtarsu ba tare da an saukar da komai ba. Inda na sha wuya shi ne bambancin kwamfuta da waya. A tsohon darasin, da yaro ya ɗora linzami kan harafi zai yi girma, to a waya babu linzami, sai yatsa. Allon kuma na yi shi da faɗi tsayayye, a waya rabinsa ya ɓace, dole na sa haruffan su riƙa jera kansu daidai da girman fuskar waya. Sannan sallamar Malam da ke tashi da kanta ta ƙi tashi. Na kwana biyu ina neman kuskure, ashe burauzoji ne ke hana sauti kunna kansa sai mutum ya taɓa wani abu. Na sa babban maɓalli mai rubutun "Fara", shi ke nan.

Wata riba da ban yi tsammani ba: da haruffan ƙ da ɗ da ɓ zana su na yi kamar hoto, yanzu rubutu ne na gaske da za a iya kwafa ko gyarawa.

Af, kafin in manta. Duk shafin da ya ce maka sai ka saukar da Flash Player a wayarka kafin bidiyo ya buɗe, fita kawai. Babu sabon Flash na waya. Ɓarayi ne ke saka wa manhajarsu sunan don su karanta saƙonninka, har da lambar sirrin da banki ke turowa.

Da na gama, na tura wa 'yar Malam adireshin ta WhatsApp, na haɗa mata da muryoyin daban a mp3, na ce ta ajiye a wuri biyu ko uku. Da daddare ta turo min saƙon murya. Ita ba ta ce komai ba, ɗanta ne mai shekara huɗu, wanda bai san kakansa ba, yake bin bayansa yana cewa "ɗa, ɗaki".