A Koya Wa Yara Zane Da Abin Da Ke Ƙasarmu

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana malaman firamare, musamman na ƙasar Bakori da Funtuwa da Malumfashi, a kan wani darasi da ake yi wa riƙon sakainar kashi, watau darasin zane da aikin hannu na yaran aji ɗaya zuwa aji uku.

Ni akawu ne a nan Tsiga, aikina shi ne shigar da buhunan masara da na auduga a littafi, ban taɓa riƙe aji ba. Amma ina da abokai malamai, kuma duk wanda na tambaya dalilin da ya sa ba a koyar da zane, ga shi kuwa hukuma ta sa shi cikin manhaja, amsarsu ɗaya ce: babu takarda, babu fensir mai launi, babu fenti. Saboda haka in lokacin zane ya zo sai a mai da shi na shara ko na lissafi. To, ni a ganina kayan zane suna nan zube a gonakinmu da bayan gidajenmu, ba su bukatar ko kwabo.

Kada wani ya ce ai zane wasa ne. Yaro ɗan shekara shida wanda bai taɓa jan layi ko zagaye da yatsansa ba, in aka danƙa masa fensir aka ce ya rubuta baƙi, an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, gama kowane baƙi, na boko ko na ajami, layi ne da lanƙwasa da ɗigo. Zane shi ke horad da hannu ya bi ido, ido kuma ya lura da bambancin abubuwa. Sau da yawa nakan ga samari masu takardar shaida sun zo neman aiki, amma in ka ce su tsaga layuka a littafin lissafi, ko su zana maka iyakar gonar ubansu, sai abin ya gagara. Magini da kafinta da tela da mai ɗinkin hula, har injiniya, dukansu da zane suke fara aiki.

Ni makarantar mishan na yi. Abin da nake tunawa na darasin zane shi ne, malama takan buɗe wani littafi da aka buga a Ingila, ta zana tuffa a allo, ko gida mai bututun hayaƙi a kan rufi, mu kuwa mu kwaikwaya. Ba wanda ya taɓa ganin irin gidan nan a cikinmu. Da an tashi, sai mu koma gida mu ƙera motar kara mai ƙafafu huɗu masu juyawa, da ƙofa mai buɗewa, ba wanda ya ce da mu wannan ilmi ne. Alhali kuwa gwanintar da ke cikin motar nan ta ninka ta tuffar allo.

Wannan shawara tawa ba baƙuwa ba ce. Lokacin da Hans Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a shekarar 1909, ya haɗa da sashen sana'a, inda masu sana'a na gari suke koyar da dukanci da saƙa da ƙira. A shekarar 1958 kuma waɗansu ɗaliban zane na kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu akwai Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suna cewa a haɗa dabarun Turawa da zanen gargajiya na ƙasarmu, a daina kwaikwayo tsurarsa. Ga kuma Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20. A ƙauyensu ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, kafin ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a shekarar 1954, a garin da yanzu ake kira Suleja, har sunanta ya kai Ingila da Amurka.

To, ga yadda nake ganin malami zai raba darasin, bisa ga lokutan shekara, domin kowane lokaci da kayansa.

Da damina, laka ta wadata. A ba kowane yaro curi ɗaya, ya fara da mulmula ƙwallo, sa'an nan ya murza ta ta yi tsawo kamar igiya, ya naɗa ta bisa juna har ta zama kasko ko tulu ko ɗan rumbu. Wata rana kuma a aike su su tsinko ganye iri iri, na mangwaro da rogo da kuka da gwanda. A jera su a ƙasa, a tambaye su wane ne mai yatsu, wane ne dogo, jijiya nawa ke jikin wannan. Daga nan kowa ya share ƙasa a gabansa ya zana ganyensa da tsinke. Wanda ya ɓata sai ya shafe da tafin hannu ya sake, ba a yi hasarar takarda ba.

Da kaka, ga karan dawa ko'ina. Malami ya ɓare karan da kansa, domin ɓawonsa yana yanka hannu, ya ba yara ɓawon da totuwar su ƙera gado ko tsani ko keke ko mota. A nan ne za su gane dogo da gajere, da daidaita ɓangare biyu, wanda shi ne tushen awo. A yanka kuɓewa a gicciye, a tsoma cikin launi a danna bisa kwali, sai ga fure ya fito. A mirgina totuwar masara cikin launi, sai ga ado kamar na saƙa. Ragowar audugar da ta zube a bakin hanya kuwa, a manna ta da ƙaro ta zama gajimare.

Da rani, sai a koya musu haɗa launi. A daka gawayi a tankaɗe a dama da ruwan ƙaro, an sami baƙi, irin dabarar da almajirai suka daɗe da sani wajen yin tawada. Jar ƙasa da farar ƙasa suna nan. Zoɓo yana ba da ja, haka karan dafi da dukawa ke rina fata da shi, gangamau yana ba da rawaya, baba kuwa shuɗi. A tauna bakin tsinken darbejiya kamar asuwaki, ya zama abin shafa launi. Maimakon takardar kanti, ga kwalaye da bayan tsohuwar kalanda.

Bayan wannan, a riƙa kawo kayan gida cikin aji: hula, da faifai, da ƙwarya mai sassaƙa, da babbar riga mai aska takwas ko dagi. Yara su dube su, su nemo inda adon ya maimaita kansa, sa'an nan kowa ya ƙaga nasa. In da hali, a gayyato wata tsohuwa mai saƙar faifai, ko maɗinki, su yi aikinsu a gaban yara na rabin sa'a. Yaro zai san cewa abin da kakarsa ke yi a tsakar gida yana da daraja a makaranta.

Na san akwai iyayen da ba sa son a sa 'ya'yansu zana surar abu mai rai. Hukuncin wannan na malamai ne, sun kuwa fi ni saninsa. Amma a duba, duk abin da na lissafa a sama babu mutum babu dabba a ciki. Zayyanar da ake yi wa allo ranar saukar karatu zane ce. Adon bangon gidajen Zariya da Kano zane ne. Babban Gwani Mikaila, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ai da idon mai zane ya tsara bakan gizonsa. Saboda haka akwai fili mai faɗi da ba wanda zai yi jayayya a kansa.

Abu uku nake roƙon malamai. Na fari, kada malami ya riga yara zanawa a allo, gama da zarar ya yi haka sai kowa ya bar duban abin ya koma duban allo. Na biyu, kada a yi wa yaro dariya ko bulala don layinsa ya karkace, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hankali, in ba haka ba ya karye. Na uku, a ce wa kowane yaro ya faɗi abin da ya zana da bakinsa, sa'an nan a jera aikin duka a gefen aji, na gwani da na mai koyo, iyaye su gani ranar da suka zo.

Ina fata malaman da suka gwada wannan, ko waɗanda suke da dabarar da ta fi tawa, za su rubuto wa Edita mu ƙaru da juna. Allah ya taimake mu bisa renon yaran nan. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani akawu, Tsiga.