Kallon Ganyen Kaka a Ƙasar Amurka

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa masu niyyar zuwa Amurka wata shawara.

A jihar New Hampshire, in kaka ta yi, yini ya gajarta, sai koren ganye ya dushe, duwatsu su koma ja da rawaya, kamar an baza fatun da dukawa suka rina. Mai son gani ya tashi daga Boston a mota, wajen sa'a 2 ya kai Lincoln. Daga nan ya kama hanyar Kancamagus, mil 34 cikin kurmi har Conway. Ya sha mai tukuna, don ba inda ake sayarwa a tsakani.

Amma fa a lura da lokaci. Launin yakan cika a farkon Oktoba, daga bisa duwatsu yake farawa, kana ya gangaro kwari, kuma ruwa da iska na dare guda sun isa su kakkaɓe ganyen. Wanda ya makara ya nufi kudu, wajen Connecticut, can yakan kai ƙarshen wata. Masauki kuwa a kama tun da wuri, don baƙi kan cika garuruwan nan maƙil.

Wassalam.

Naka,
Wani Malamin Makaranta