Filin Harbi: Kai Kaɗai Ko Da 'Yan Rakiya?

Bahaushe yana da hanya biyu ta neman naman daji, kuma kowace da sunanta, watau akwai harbi, akwai farauta. Maharbi shi kaɗai yake fita, da bakansa da kwarinsa, ko da bindigarsa ta toka, ya laɓe a bakin mashaya ko ya bi sawu, ba ya son ya ji ko tarin wani kusa da shi. Ita kuwa farauta ta gayya ce, da rani ake yin ta, da kiɗa da karnuka da sanduna da kirari, ƙauye guda ko ƙauyuka su taru su tashi daji. Duk wanda ya san mutanen nan biyu ya san halinsu ba ɗaya ba ne, ko da yake gadar da suke nema ɗaya ce. To, irin wannan rabuwar na tarar a filin koyon harbi na Turawa, inda babu gada babu zomo, sai takarda da aka zana wa baƙin ɗigo. Can ma gardamar da ake yi ke nan: shin ya fi kyau mutum ya tafi fili shi kaɗai, ko kuwa ya tafi da abokai?

Kafin in shiga gardamar, ya kamata in gaya wa mai karatu yadda abin yake, domin a ƙasarmu filin harbi wurin soja ne da 'yan sanda, kuma dokar bindigogi ta 1959 ta sa ko bindigar toka sai da lasisi ake riƙe ta. Ni a Ingila na san shi, lokacin da na je karatu. A can jami'o'i da dama suna da ƙungiyar harbi, kamar yadda suke da ta ƙwallo ko ta muhawara. Ƙungiyar da na shiga a cikin wani dogon ɗaki take yin nata, da ƙaramar bindiga mai cin harsashi ɗai ɗai. Mutum zai kwanta rub da ciki a kan tabarma, ya toshe kunnuwansa, takarda na can yadi 25 a gabansa. A jikin takardar akwai baƙaƙen da'irori goma, kowace harsashi ɗaya za a aika mata, in ya sami cibiya maki goma ke nan. Wanda ya cike duka ya ci ɗari, amma fa wannan sai gwanaye.

Ga sabon shiga dai doka ta riga ta yanke gardamar. A Biritaniya ba a ɗauki bindiga da wasa ba, balle tun daga 1996, lokacin da wani ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane ya kashe yara 16 da malamarsu, abin da ya sa aka hana riƙe galibin ƙananan bindigogin hannu a 1997. Duk ƙungiyar da hukuma ta amince da ita tilas ta sa sabon mutum zaman gwaji na aƙalla wata uku, kuma a cikin wannan lokaci ba zai yi harbi ba sai da na gaba da shi a kansa. Saboda haka tambayar ba ta taso wa mutum sai ya yi ƙwari, an san shi, an yarda da shi. Daga nan ne zai zaɓa, ko ya zo da yamma lokacin da ɗaki ya cika, ko ya nemi sa'ar da ba kowa sai mai kula da fili.

Bari in fara da amfanin aboki. Babban abin da harbi ya koya mini shi ne, mai harbi ba ya ganin kansa. Idonsa yana kan saiti, hankalinsa yana kan numfashi, abin da kafaɗarsa da yatsansa suke yi kuwa ya ɓoye masa sarai. Akwai wani ɗalibi da muke zuwa tare, harsashinsa kullum sai ya sauka ƙasa da inda ya auna. Ya zargi bindiga, aka canja masa. Ya zargi harsashi, aka ba shi wani. Abu dai bai sake ba. Ran nan sai wani dattijo daga cikin tsofaffin 'yan ƙungiya ya ce masa, "Samari, kawar da kanka, yau ni zan riƙa ɗura maka." Ya ɗura masa na gaske sau uku, a na huɗu ya sa masa na bogi wanda ba ya tashi, bai gaya masa ba. Yaro ya ja kunama, ba ƙara ba hayaƙi, amma duk muka ga bakin bindiga ya yi ƙasa, idonsa kuma ya ƙifta. Ashe jikinsa ne yake tarbar ƙarar tun ba ta zo ba, in harsashi ya tashi sai motsin bindiga ya rufe nasa motsin. Wannan dabara tsohuwa ce wurin masu koyar da harbi, kuma ba ta yiwuwa sai da mutum biyu, don ba wanda zai iya ɓoye wa kansa abin da hannunsa ya ɗura. Da ma an ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A filin harbi wannan magana ba zargi ba ce, aiki ne ake raba wa mutane.

Amfani na biyu shi ne shaida. Ƙungiyoyin Ingila suna yin wata irin gasa wadda ba a haɗuwa, kowa ya yi harbi a ɗakinsa, a aika da sakamako. To, takardar da aka harba ba shaida a wurin ba ta da daraja, sai wani ya gani da idonsa ya sa hannu. Ka ga mai tafiya shi kaɗai, ko ɗari ya ci, labari ne kawai zai bayar, kamar maharbin da ya ce ya harbi zaki amma ya gudu da kibiyar.

Inda na fi ganin ƙimar aboki shi ne Bisley, babban filin harbin Ingila da ke gundumar Surrey. Ƙungiyar harbi ta ƙasar, wadda aka kafa a 1859, ta fara taronta a Wimbledon a 1860, Sarauniya Biktoriya ce ta yi harbin farko, sa'an nan aka komo Bisley a 1890. A can ana harbi daga yadi 300 har zuwa yadi 1000 da ɗoriya. A irin wannan nisa iska ita ce abokiyar gaba, domin tana iya kautar da harsashi ya bar allon ɗungum. Shi ya sa aka jera tutoci a gefen fili, kuma a gasar ƙungiya da ƙungiya akan zaunar da mutum guda kusa da masu harbi, da madubin hangen nesa, aikinsa kawai ya karanta tutoci da kawalwalniya, ya gyara saiti, ya ce yanzu. Can ƙarshen fili kuma, a cikin rami, ga wani yana sauke allo ya nuna inda harsashi ya shiga. Ko a gasar kowa tasa ta fisshe shi, inda aka hana kowa ya taimaki wani, mutum biyu ko uku ne suke tarayya a allo guda, suna harbi bi da bi, kowa yana rubuta makin ɗan'uwansa. Wanda ya ci babbar gasar Sarki kuwa, a kujera abokansa suke ɗaukarsa a kafaɗa su zaga da shi. Yatsa ɗaya ke jan kunama, amma dubi yawan hannuwan da ke bayansa.

To, amma fa rakiya suna ta tara. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Zajonc, ya bayyana a 1965 cewa idon jama'a yana ƙara wa mutum kuzari a aikin da ya riga ya iya, amma yana rikita shi a aikin da yake koyo. Na ga gaskiyar wannan da idona. Harbi yana son zuciya ta lafa, mutum ya saki numfashi, ya tsaya a ɗan tsakanin nan na fitar iska da shigarta, ya matsa kunama a hankali har harsashi ya tashi. In abokai shida suna bayanka, wannan yana ba'a, wancan yana jiran ka kuskure ya yi dariya, sai bugun zuciya ya ƙaru, baƙin ɗigo ya riƙa rawa a cikin saiti. Gwani yana iya jure wannan, har ma ya ji daɗinsa. Ɗan koyo kuwa sai ya koma harbin burga, ya yi sauri inda ake son jinkiri.

Da ɓarnar ta tsaya ga maki, da da sauƙi. Wata ranar baƙi, aka zo da ayarin samari ɗakinmu. Ɗaya daga cikinsu ya sami cibiya a harbinsa na farko, murna ta kama shi, ya yunƙura zai juyo ya nuna wa abokansa, bindiga tana hannunsa. Kafin bakinta ya bar fuskar allo mai kula da fili ya daka tsawa, ya dafe ta. Ba abin da ya faru, amma ɗakin ya yi tsit, aka sallami baƙi da wuri. Ƙa'idar wurin ba ta da yawa: kowace bindiga ka ɗauka tana da harsashi, bakinta kada ya dubi abin da ba ka nufin harbi, yatsa kada ya taɓa kunama sai an auna, in an gama a buɗe sakata kowa ya gani. Yaro ma zai haddace su. Abin da ke mantar da su shi ne hira, ita kuwa hira da abokai ake yin ta.

A Amurka, inda filayen haya suke da yawa kuma doka ta fi sassauci, an ga abin da ya fi haka muni. A watan Agusta na 2014, a Jihar Arizona, aka ba wata yarinya 'yar shekara 9 bindiga mai sarrafa kanta ƙirar Uzi, iyayenta suna ɗaukar hoto. Bindiga ta fi ƙarfin hannunta, ta kauce, harsashi ya sami mai koyar da ita, ya mutu. A watan Fabrairu na 2013 kuma, a Jihar Texas, an kashe Chris Kyle, tsohon sojan da ya yi suna wajen harbi daga nesa, tare da abokinsa, a filin harbi. Wanda ya kashe su wani tsohon soja ne da suka ɗauko da kansu don su taimake shi ya sami natsuwa. Wannan ya nuna cewa zaɓen abokin zuwa filin harbi ba kamar zaɓen abokin zuwa kallon ƙwallo ba ne. Ranka ne kake ba shi ajiya, shi ma ya ba ka nasa.

Yanzu sai tafiya kai kaɗai. Ni kam ina son ta, ba zan ɓoye ba. Ranar da ɗaki ba kowa sai mai kula da fili yana karatun jaridarsa, sai ka ji abubuwan da hayaniya take rufewa: yadda gwiwar hannu ta zauna, yadda kumatu ya kwanta a gindin bindiga, har bugun zuciyarka kana ganinsa a saiti. Ba mai jiran ka tashi ya kwanta, ba mai tambayar nawa ka ci. Kana iya ɓatar da awa guda a kan abu ɗaya tak, ka harba biyar, ka rubuta abin da ka lura da shi, ka sake biyar. Abin da aboki ya nuna maka cikin minti ɗaya, a irin wannan zama ne yake shiga jiki. Bayan haka akwai wata natsuwa da mutum yake fitowa da ita, domin tunanin jarrabawa da na kuɗin makaranta ba su da wurin zama a kan wanda yake auna ɗigo.

Duk da haka kaɗaici yana da nasa duhun. Mai zuwa shi kaɗai kullum yana iya shekara yana maimaita aibi guda har ya zame masa jiki, ba wanda zai ce masa kul. In bindiga ta cije, ko wani tsautsayi ya auku a filin da ba mai kula, ba mai kai masa ɗauki. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Da yawa daga filayen haya na Amurka ba su ba mutum hayar bindiga in ya zo shi kaɗai kuma bai zo da tasa ba, saboda an sha samun waɗanda baƙin ciki ya rufe suna zuwa don su hallaka kansu. Masu filayen sun gane cewa mutum guda a gefenka, ko bai ce uffan ba, katanga ne tsakaninka da mugun tunani. Saboda haka wanda ransa yake a ɓace, ko ya kwana bai yi barci ba don damuwa, ranar ba ta zuwa fili ba ce, balle shi kaɗai. Ya nemi wanda zai yi magana da shi tukuna.

Ina na tsaya ke nan? Ra'ayina shi ne, masu gardamar sun sa ido a kan yawan mutane, alhali abin dubawa shi ne aikin da kowa ya zo yi. Duk wanda zai bi ka fili ya zamana da aiki a hannunsa: ko ya duba maka jiki, ko ya karanta iska, ko ya rubuta maki, ko ya tsare ƙa'ida. Mutum ɗaya mai ido da kame baki ya fi goma masu tafi. Ni da zan tsara wa mai sha'awa, sai in ce ya yi zuwa biyu shi kaɗai a ƙarƙashin idon mai kula da fili, na uku ya tafi da wanda ya fi shi, ya ce masa, "Dube ni da kyau, ka gaya mini abin da ka gani." Taron abokai kuwa a bar shi sai an mai da bindigogi ma'ajiya an kulle, sa'an nan a zauna a sha shayi, kowa ya yi cika bakinsa.

Ko maharbin namu na gida da yake shiga daji shi kaɗai, ai ba haka ya fara ba. Shekaru ya yi yana bin ubansa ko maigidansa, yana ɗauke da kwari, ana nuna masa sawu, ana kwaɓarsa in ya taka busasshen kara. Kaɗaicin nasa gado ne da ya samu bayan doguwar rakiya, kuma in ya komo gari akwai Sarkin Baka da sauran maharba da za su ji yadda aka yi. Wanda ya tsallake wannan mataki ya ce shi tun farko shi kaɗai zai yi, to, ba da maharbi ya yi koyi ba. Ina fata 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu waɗanda suka taɓa riƙe bindiga, ko a soja ko a dawa, za su ba mu nasu ra'ayin a fitowa ta gaba.