Tiya ɗaya ce, gonaki ne dabam-dabam

Yau ina so in ba ku labarin wata tambaya da aka yi mini, wadda ta hana ni barci.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye na ƙasar Kance, cikin jihar Damagaram. Cikin ɗalibaina akwai wani dattijo. Shekara biyu ke nan yana zuwa karatu, har ya iya rubuta wasiƙa da hannunsa. Wata rana da la'asar, cikin damanar 2025, ya zo ƙofar gidana. Na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa. Ya daɗe bai ce kome ba. Can sai ya ce:

"Malam, ɗiyata ta faɗi sartifika."

Na ce: "Assha, Baba. Sannu."

Ya ce: "Shekara shida tana zuwa lakwal. Ɗan ƙanena da ke birnin Damagaram, shekara ɗaya aka sa su, shi ya ci. Rana ɗaya suka zauna, tambayoyi ɗaya aka yi musu. To, Malam, ka gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah. Kanta ne babu kome? In haka ne in cire ta, don akwai masu neman aurenta."

Ya kai mai karatu, da kai aka tambaya, me za ka ce? Ni dai ban ba shi amsa ba a ranar. Na ce ya turo mini yarinyar da safe, da kayenta da takardar makinta.

Kafin mu ci gaba, bari mu san jarrabawar nan. Lakwal ta firamare aji shida ce, daga CI zuwa CM2. A ƙarshen CM2 ake yin jarrabawar da ake kira CFEPD, wadda mu muke ce wa sartifika. An dakatar da ita wajen shekara goma, sa'an nan aka maido da ita a 2024. Amfaninta a fili yake. Ɗan talaka da ɗan mai kuɗi tambaya ɗaya ake yi musu. Mai gyaran takarda bai san ko ɗan wa yake gyara wa ba. Kamar tiya ce a kasuwa. In da kowane mai awo zai zo da tasa tiya, wata babba wata ƙarama, da cuta ta yi yawa. Saboda haka dattijon nan bai yi kuskure ba da ya ce awo ɗaya aka yi musu.

Amma ku manoma ne, kun san abin da tiya ba ta faɗi. Mutum biyu su kawo hatsi. Ɗaya gonarsa ta sha taki, ruwa ya sauka mata da wuri. Ɗaya gonarsa jigawa ce da ta gaji, ruwa ya yi masa jinkiri, fara ta biyo ta kanta. Tiya za ta ce wannan ya sami ɗari, wancan ya sami talatin. Ba ta yi ƙarya ba. Sai dai ba za ta gaya maka wanda ya fi wani ƙwazon noma ba. In ka ce mai talatin rago ne, kai ne ka yi ƙarya, ba tiya ba.

Da safe yarinyar ta zo. Shekarunta ba su wuce goma sha huɗu ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, kanta a ƙasa. Na ɗauki wani lissafi daga cikin kayenta, na karanta mata da faransanci. Ta yi shiru. Sai na ajiye kayen na ce: "Ɗiyata, in innarki ta sayar da tiya bakwai ta gyaɗa, kowace tiya dala ɗari da hamsin, nawa za ta ɗaure a zane?" Ban gama gyara zama ba ta ce: "Jika biyar da dala hamsin." Na buga a takarda. Tiya ɗaya tamma 750, sau bakwai 5250. Daidai ne.

Kun gani? Yarinyar nan ta san lissafi. Ta san riba, ta san uwar kuɗi, don ita ce ke kai wa uwarta talla ranar kasuwa. Abin da ba ta sani ba shi ne sunayensu da faransanci. Ga kuma wani nauyi. Mu da dala muke ƙirga kuɗi, lakwal da tamma take ƙirgawa. Abin da takarda ta kira ɗari, mu dala ashirin muke ce masa. Kenan yaron ƙauye aiki uku yake yi a tambaya ɗaya: ya fahimci faransanci, ya juya kuɗin, sa'an nan ya yi lissafi. Ɗan ma'aikaci da ke jin faransanci a gida aiki ɗaya yake yi. A nan tiyar tana da lanƙwasa, kuma a gefe ɗaya ta lanƙwashe.

Ni ma na ɗanɗana wannan. Ina ɗan lakwal ana yi mana dikte, wato shifta. In ka yi kuskure biyar an ba ka sifili. Sau da yawa na kan gane labarin sarai, amma in sha sifili saboda baƙaƙen da ake rubutawa ba a faɗinsu. Sai da na shiga makarantar horon malamai na gane cewa sanin abu dabam, sanin harshen da aka tambaye ka da shi dabam.

Ba yau aka gane haka ba a ƙasarmu. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa, daga baya su ɗora faransanci. Aka yi irinta da Zabarmanci, da Fillanci, da Barbarci, da harshen Buzaye. Dokar ilimi ta 1998 ta yarda a koyar da yara da harsunanmu. Amma irin waɗannan makarantu ba su kai ko'ina ba. Yarinyar nan tun ranar farko da faransanci aka tarbe ta.

To, kada in ruɗe ku. Ba harshe kaɗai ba ne. Na ba ta wannan jarida tamu, da Hausa, na ce ta karanta. Ta karanta, amma da ƙyar, tana tsayawa a kowace kalma. Na ce ta rubuta lissafin da ta yi da ka. Ta rikice wajen jera alƙaluma. Kenan akwai giɓi na gaske a karatunta. Ruwa ba ya tsami banza. Sai muka zauna da ubanta muka yi ƙirga.

An ce lakwal tana buɗewa a watan Oktoba. Amma ajinsu rumfar kara ce. Ba a samun kara sai an gama girbi, ba a kafa rumfa sai maza sun gama kai amfani rumbu. Saboda haka sai ƙarshen Nuwamba suka fara zama. Malaminsu ɗan kwantiragi ne, shi kaɗai yake riƙe da aji biyu. Duk ƙarshen wata sai ya tafi gari neman kuɗinsa, ya yi kwanaki. Ba na ganin laifinsa, shi ma yana da iyali. Ranar kasuwa yarinyar tana talla. Kullum da safe sai ta je rijiya sau biyu, ta yi surfe, kafin ta ɗauki allo. Sau da yawa da ɗan kunu kawai take wuni. Littafin karatu ɗaya ne su huɗu, kuma ba a zuwa da shi gida. Da ruwan farko ya sauka, rumfa ta jiƙe, yara suka tafi shuka. Da muka haɗa, cikin wata tara na shekarar karatu, abin da ta zauna a aji bai fi wata biyar ba. In haka aka yi ta yi shekara shida, karatun shekara uku da ƴan watanni ta samu. Ɗan'uwanta na birni ajinsu na siminti ne, gidansu da lantarki, yayansa yana kwaleji yana duba masa kaye da dare.

Na ce: "Baba, ka gani? Shi an yi masa damana shida cikakku. Ita rabi aka yi mata. Sai aka auna su da tiya ɗaya."

Ya yi shiru. Sai ya ce: "Ashe har da ni a ciki. Ni ne nake cewa a bari sai an gama ɗaurin dami kafin a kafa rumfa."

Ba shi kaɗai ba, ni ma ina da nawa laifin. Mu ma a yaƙi da jahilci muna yin jarrabawa a ƙarshen zango. Wata shekara ruwan shuka ya sauka cikin daren da gobe jarrabawa. Maza da yawa ba su zo ba. Waɗanda suka zo hankalinsu yana gona, suka yi rubutu a gurguje suka fita. Da na ga maki ya yi ƙasa, na rubuta a rahoto cewa mutanen garin ba su da himma. Alhali wata huɗu suna zuwa kullum. Da na ɗage jarrabawar kwana uku, da ban zalunce su ba. Har yau ina jin kunyar wannan rahoto.

Wani zai ce: to, a soke jarrabawa mana, kowa ya huta. A'a, ɗan'uwa. Fasa tiya ba ya cika rumbu. Akwai wani awo da ƙasashen Afirka masu aiki da faransanci suke yi tare, ana kiransa PASEC. A 2014 ya nuna cewa cikin yaran Nijar da ke gama firamare, waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 sun kai wajen uku cikin goma. An ci gaba, amma da sauran tafiya. In ba don awo ba, da yaya za mu san haka? Wannan awon ne kuma ya nuna cewa a 2014 ƴan ƙananan azuzuwa na ƙasar Burundi sun fi na sauran ƙasashen iya karatu. Burundi ba ƙasar masu kuɗi ba ce. Amma yaransu da harshensu na gida, Kirundi, suke fara karatu.

Saboda haka ga abin da na fahimta. Jarrabawa tana auna abin da yaro ya samu. Ba ta auna abin da Allah ya zuba a kansa. In yara biyu ko uku suka faɗi a aji, a dubi yaran. In rabin aji ya faɗi, shekara da shekaru, to a dubi rumfa, a dubi malami, a dubi littafi, a dubi tukunya, a dubi mu iyaye. Adalci ba a ranar jarrabawa yake farawa ba. Tun ranar da aka rubuta sunan yaro a CI yake farawa.

A 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Mun ji daɗi. Amma mu tuna da ɗan Bafillace, da ɗan Buzu, da ɗan Zabarmawa, da ɗan Barebari. In aka tambaye su da harshen da ba su ji, mun yi musu abin da aka yi wa ɗiyarmu. Abin da muke roƙo shi ne kowane yaro ya fara da harshen da ya sha a nono.

Akwai abin da ke wuyan gwamnati: gina azuzuwa, horar da malamai, biyansu a kan lokaci, kawo littattafai. Ba mu manta da gobarar rumfunan lakwal ta Yamai da ta Maraɗi a 2021 ba, inda kowace ta ci yara aƙalla ashirin. Allah ya jiƙansu. Amma akwai abin da ke hannunmu, musamman ku da kuka koyi karatu. Ku shiga kwamitin iyayen yara. Ku buga tubali da rani, a yi aji na ƙasa, kada a jira kara. Ku sami kaye guda, ku riƙa rubuta ranakun da aka yi karatu da ranakun da ba a yi ba. In mai duba makarantu ya zo, ku nuna masa. Ku rage wa ƴan mata aikin safe. Ku ba yaro abin karin kumallo. Da dare ku kunna fitila, ku zauna tare, kai da jaridarka, shi da kayensa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dattijon nan bai yi mini dogon alkawari ba. Cewa ya yi: "Malam, na ba ta shekara ɗaya. Masu neman aure su dakata." Yarinyar ta koma CM2. Ƙanenta ne yanzu yake zuwa rijiya da jaki. Shi kuwa uban, shi ya fara kawo amalanken ƙasa wurin bugun tubali. Da dare ta kan zo ajinmu ta zauna can baya wurin mata, tana karanta Hausa, ni kuma ina nuna mata yadda abin yake da faransanci.

Kai mai karatu, in ɗanka ko ɗiyarka ta faɗi, kada ka yi saurin cewa daƙiƙiya ce. Ka ɗauki alƙalami, ka ƙirga kwanakin da ta zauna a aji, kamar yadda muka yi. In kun yi wannan ƙirga a garinku, ku rubuto wa jarida abin da kuka samu, mu karanta tare.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya buɗa wa ƴaƴanmu basira. Sai wani jiƙon.