Shekarar da Muka Yi Babban Taro Daga Gida

A ƙasar Ailan da wuya ka shiga gari ba ka tarar da ofishin ƙungiyar ajiya da rance ba. Harkar ta kafu ne a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da wata malamar makaranta mai suna Nora Herlihy da abokan tafiyarta suka ga yadda masu ba da bashi da ruwa ke tatsar talakawan Dublin, suka ce gara mutane su tara kuɗinsu su riƙa ranta wa junansu. Da aiki ya kai ni ƙasar, ban jima ba na buɗe asusu a ƙungiyar unguwarmu, domin ta tuna mini da adashen da iyayenmu mata ke yi a gida, inda amana ce jari.

Abin da ya fi ɗaure ni da ita shi ne babban taron shekara. Shekarar kuɗinsu tana ƙarewa ranar 30 ga Satumba, taron kuma yakan faɗo cikin hunturu, a zauren wani otal, da shayi da biskit a bayan ɗaki. A nan ake karanta lissafi, a zaɓi shugabanni, waɗanda aikin sa-kai suke yi, a zaɓi kwamitin sa ido da mai binciken kuɗi. Mai Yuro ɗari da mai dubu goma ƙuri'arsu ɗaya. Na ga tsohon direban bas ya miƙe da takardar lissafi a hannu, ya sa tabarau, ya tambayi shugaba dalilin da ya sa kuɗin gyaran ofis ya haura na bara. Bai zauna ba sai da aka ba shi amsa dalla-dalla.

Sai ga korona a 2020. Tun a watan Maris aka shawarci waɗanda suka kai shekara 70 su killace kansu a gida. A watan Oktoba aka sake rufe ƙasa, aka hana mutum wuce kilomita 5 daga gidansa sai da larura. Ofishin ƙungiyar bai rufe ba, ana ajiya ana cirewa, amma taro ya gagara. Dokar 1997 da ke tafiyar da waɗannan ƙungiyoyi an rubuta ta ne da tunanin mutane za su haɗu a ɗaki guda, kuma ta yanke wa'adin yin taron. Shugabanni suka rasa tudun dafawa: su tara jama'a su karya dokar lafiya, su ƙi tarawa su saɓa wa tasu dokar. Mu kuwa membobi, kuɗinmu na nan lafiya, amma bakinmu a rufe.

A watan Disamba majalisar ƙasar ta zartar da gyaran doka wanda ya ba da damar yin taron ta intanet, da jefa ƙuri'a daga nesa, ya kuma ƙara wa'adi. Ƙungiyarmu ta aiko da takarda cewa duk mai son halarta ya yi rajista da adireshin imel.

Nan ne na tuna da wata dattijuwa maƙwabciyata, wadda ta shiga ƙungiyar tun tana budurwa, ba ta kuma fashin taro. Jikarta ta aiko mata da babbar waya, amma ba ta taɓa buɗe imel ba. Shiga gidan juna haramun ne a lokacin, don haka a bakin tagar kicin ɗinta na tsaya, cikin sanyin Janairu, takunkumi a fuska, ina nuna mata inda za ta danna ta bayan gilashi. Yatsanta na rawa, sai ta danna sau biyu shafin ya ɓace, mu sake daga farko.

"Ɗiyata, idan na ɗaga hannu za su gan ni kuwa?" in ji ta.

Na ce, "Za su gan ki, Mama. Ga alamar hannun nan a ƙasa."

Daren taro ta ɗaga shi. Muryarta ta fito tana yankewa, ta tambayi abin da za a yi wa waɗanda suka rasa aiki alhali da bashi a kansu. Shugaba ya ce duk mai wannan matsala ya zo a zauna da shi a sake tsara biyan. Na kuma ga sunayen da ban taɓa gani a zauren otal ba: masu aikin dare, da masu goyo da ba su da mai riƙe musu yara. Sai dai tsohon direban bas bai bayyana ba, kuma na san irinsa suna da yawa.

Har gobe ina ganin gyaran dokar nan daidai ne, domin shi ya hana annoba ta ƙwace wa membobi ikon tuhumar masu riƙe da dukiyarsu. Amma doka iyakarta ta buɗe ƙofa. Tsofaffin da suka gina waɗannan ƙungiyoyi da 'yan canjinsu su ne intanet ta fi bari a baya, kuma duk ƙungiyar da ta zaɓi taro daga nesa, wajibinta ne ta bi su gida-gida, ta waya ko ta maƙwabta, har sai ta tabbatar kowa ya samu hanyar yin magana.